Megawat a takarda, duhu a Kano: yaya za a haɗa lissafin biyu?

Zainab A.:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar manya. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan tabbacin samun wutar lantarki a Arewa, kuma na cije a wuri ɗaya. Na yi lissafina da OSeMOSYS, wato manhajar tsara makamashi, na zuba masa tashoshin da muke da su, da farashin gas, da ƙaruwar jama'a har zuwa 2040. Amsar da ya ba ni ta yi kyau: a ƙara tashoshin gas kaza, sola kaza, kowace shekara wutar da aka samar ta ishi buƙata. Sai na tuna Oktoban 2024. A watan nan Kainji tana nan, Jebba tana nan, Shiroro da Egbin duk suna nan, amma mu a Kano sai da muka yi kusan kwana goma a duhu. Na duba shekarar a lissafina, ko ɗuriyar wannan duhun babu. Mai duba aikina ya ce in haɗa shi da manhajar layin wuta. Wallahi ban san ta ina zan kama ba.

Dakta Habu:
Wa alaikumus salam Zainab. Lissafinki bai yi kuskure ba, tambayar da kika yi masa ce ba tasa ba. OSeMOSYS da TIMES da MESSAGE duk dangi ɗaya ne, manhajojin dogon zango. Aikinsu su gaya miki abin da ya fi arha a gina cikin shekara ashirin ko talatin. Saboda zangon ya yi tsawo, sai su dunƙule shekara: sa'a 8,760 su mayar da ita yanki goma sha biyu ko makamancin haka, rana da dare a kowane yanayi. Ƙasar ma sau da yawa dunƙule ta suke yi ta zama ɗigo ɗaya, kamar wutar da aka samar a Sapele tana isa Damaturu ba tare da ta bi waya ba.

Ɗaya dangin su ne irin PLEXOS da PyPSA, masu bin shekara guda sa'a bayan sa'a. Su sun san inji ba ya tashi nan take, sun san yana da ƙaramin lodin da ba ya sauka ƙasa da shi, sun san kowane layi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Sai dangi na uku, PSS/E da PowerFactory, masu duba abin da ke faruwa cikin sakan kaɗan bayan layi ya katse.

A 2012 wasu masu bincike a jami'ar Cork ta ƙasar Ayalan sun ɗauki abin da TIMES ya tsara wa ƙasarsu suka zuba a PLEXOS. Suka tarar na dogon zangon ya raina yawan wutar iska da za a zubar a banza, ya kuma raina darajar tashoshin da ke iya tashi da sauka da sauri. Abin da malaminki yake so ki yi ke nan.

Baba Injiniya:
'Yata, bari in ba ki labarin watan nan yadda mai aikin layi yake ganinsa, don ni shekaruna a gaban allon sarrafa wuta na ƙarar da su kafin in yi ritaya.

Manyan hanyoyi biyu ne wuta ke bi ta shigo mana a kan layin kilobolt 330. Ɗaya ta taso daga Shiroro ta sauka Mando a Kaduna, daga nan ta wuce Kumbotso a Kano. Ɗayar ta taso daga Ugwuaji a Inugu, ta bi Apir kusa da Makurɗi, ta hau Jos, daga can a raba zuwa Gombe da Kaduna. An riga an lalata ta Shiroro tun kafin duhun nan, kuma wurin yana cikin dajin da ma'aikata ba sa iya shiga sai da rakiyar jami'an tsaro. Yawancin Arewa ta rataya a kan hanya ɗaya. Ranar 21 ga Oktoba ita ma ta faɗi.

A aikinmu akwai ƙa'idar da ake koya wa yaro tun makon farko: ka gina layi yadda idan abu ɗaya ya faɗi, kowane ne, sauran za su riƙe. Mu mun yi kwanaki abu ɗayan ya riga ya faɗi, muna zaune a kan na biyu muna addu'a. Duk manhajar da ba ta san Mando da Apir da suna ba, ba za ta taɓa ganin wannan ba, ko da kin zuba mata megawat dubu talatin.

Maman Walid:
Ni ba injiniya ba ce, ƙanƙara da kifi nake sayarwa. Kwana uku na farko na riƙe ɗakin sanyi da janareta, da na ga kuɗin gas ɗin inji ya fi ribar kayan sai na karyar da su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya iya gaya mana ko kwana biyu ne ko wata guda. Da na san goma ne da tun ranar farko na sayar. Zainab, in lissafin naki zai iya faɗin tsawon lokacin da duhu zai ɗauka, ni shi ne abin da nake so.

Zainab A.:
Allah ya mayar da alheri Mama. Na rubuta wannan, don ban taɓa tunanin raba yawan ɗaukewa da tsawon ɗaukewa ba. Dakta, a aikace me zan ɗauka daga wannan in kai wa wancan?

Dakta Habu:
Kada ki kai shekara ashirin duka, za ki kashe kwamfutarki. Zaɓi shekara ɗaya, a ce 2030. Ki ɗauki jerin tashoshin da OSeMOSYS ya ce za su kasance a shekarar, da jimillar buƙata. Daga nan wahalar take farawa, domin sai kin ba kowace tasha mazauni. Ya ce a gina sola megawat kaza, to a ina? Idan kin ajiye ta kusa da Kumbotso amsa daban, idan kin ajiye ta a Lokoja amsa daban. Buƙatar ma sai kin rarraba ta: nawa a Kano, nawa a Gombe, nawa a Birnin Kebbi, kuma ƙarfe nawa.

Sai ki gudanar da shekarar ba sau ɗaya ba, sau ɗaruruwa. A wani zagayen damina ta yi kyau, a wani an yi fari, a wani inji biyu sun lalace a Egbin, a wani ki cire layin Shiroro na wata biyu. Ki ƙirga sa'o'in da wuta ta gaza da yawan wadda aka rasa a kowace tasha.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne komowa. In kin ga tsarin ya gaza a Kano duk watan Afrilu, ki koma wa OSeMOSYS ki ɗaure shi da sharaɗi: dole kaso kaza na sabon gini ya zauna arewa da Kaduna, ko dole a biya kuɗin sabon layi. Ya sake lissafi, ki sake gwadawa. Sau uku ko huɗu ana kai da komo kafin su daidaita. Tun da kuɗin lasisin PLEXOS ya fi ƙarfin ɗalibi, ki duba PyPSA-Earth. Kyauta ce, tana ɗebo layuka daga taswirar intanet ta OpenStreetMap, kuma waɗanda suka gina ta da Najeriya suka yi gwaji.

Sadiq Sola:
Dakta, da girmamawa, ni ina da ja. Duk wannan ginin a kan wane tushe? Buƙatar da Zainab za ta rarraba, daga ina za ta samo ta? Abin da mita ta rubuta ba shi ne abin da mutane ke buƙata ba, shi ne abin da aka ba su. Ƙasar da injinan da aka kafa sun kai megawat 13,000 amma mafi yawan abin da ya taɓa hawa layi bai wuce kusan 5,800 ba, sauran buƙatar tana cikin janareta da sola da haƙuri. Ni ina hawa rufin mutane kullum. Akwai masana'antu a Sharaɗa da Challawa da suka daina lissafi da wutar gwamnati sam. Manhaja za ta ɗauka ba sa buƙata.

Na biyu, tashoshin gas da yawa ba lalacewa suke yi ba. Bashi ne. Ba a biya mai samar da wuta ba, shi bai biya mai gas ba, mai gas ya rufe famfo. Wace manhaja ce take da gurbin bashi?

Dakta Habu:
Jan naka na farko gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin haɗin ya fi amfani a nan fiye da Turai. Manhajar dogon zango tana ganin dizal da fetur ɗin da ake ƙonawa a janareta, tana ganin itace da gawayi da gas ɗin girki, domin ita makamashi duka take lissafawa. Daga nan ake iya kiyasta buƙatar da ta ɓuya. Manhajar layi ita kaɗai ba ta da wannan idon.

Batun bashi kuwa, ba a rubuta shi da sunansa, amma ana saka shi a matsayin yawan lokacin da gas ba ya isa tasha. Rahotannin wata uku-uku na NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, suna nuna abin da kowace tasha ta iya bayarwa. Ta yi amfani da wannan, ba lambar da ke jikin inji ba.

Sadiq Sola:
To in haka ne na yarda da rabi. Amma ma'aunin ma fa? Na ga a Ingila mizaninsu shi ne kada rashin isar wuta ya wuce sa'a 3 a shekara. Mu nan wanda ya fi kowa gata, ɗan rukunin A da aka ƙara wa kuɗi a Afrilun 2024, sa'a 20 aka yi masa alkawari a rana. Wato an yafe sa'a huɗu kullum tun a takarda. In Zainab ta ɗauko mizaninsu, amsar za ta zama "babu tsaro" a kowace sa'a, ba ta koyi komai ba.

Baba Injiniya:
Sadiq ya faɗi magana. A wurinmu sai a raba abu biyu. Akwai ƙarancin da aka sani, wanda ake rabon wuta saboda shi, unguwa ta samu yau wata gobe. Wannan ana iya shirya masa. Akwai kuma durƙushewa, wadda ke zuwa ba sallama. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Durƙushewa a sakan take faruwa. Wutarmu bugu 50 take yi a kowane sakan, kuma ƙa'ida ta ce a riƙe ta tsakanin 49.75 da 50.25. Idan babban inji ya fita, bugun ya fara sauka, dole a samu wasu injinan da ke juyawa ba a cika musu lodi ba, su ɗauka nan take. Wannan ita ce ajiyar ko-ta-kwana. To ƙasar da ke cikin yunwar wuta, wa zai yarda a bar megawat ɗari uku yana juyawa ba a sayar ba? Kuma wa zai biya mai injin? Sai a cika wa kowa lodi, mutanen cibiyar sarrafa layin ƙasa da ke Oshogbo su koma kiran waya suna roƙon a sauke wannan a ɗaga wancan. Wannan kuɗin ajiyar dole ya shiga lissafin dogon zango, in ba haka ba zai ce mun ƙoshi alhali ba mu da abin tarar gaba.

Laminu Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina bin maganar tun safe, bari in sa baki daga wannan gefen iyaka. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗin, wato lantarkin, da Nijar ke amfani da shi daga Najeriya yake zuwa. Layi ɗaya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wani daga Katsina ya shigo wajenmu ya wuce Damagaram. Duk manhajar da ka tambaya za ta ce ka ci gaba da saye, don ya fi wutar tashar dizal ta Gorou Banda da ke Yamai arha nesa ba kusa ba. Aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yulin 2023, farkon Agusta aka yanke, ba a mayar ba sai a 2024 bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi. Layin lafiyarsa ƙalau, inji lafiyarsa ƙalau. Ba ɗaya cikin manhajojin Dakta uku da zai hango wannan da kansa. Sai mutum ya zauna ya ce: a gwada mini wata bakwai babu Najeriya.

Kuma ƙanwata, kada ki manta ruwan da ke juya Kainji ta gabanmu yake wucewa. Ana gina madatsar Kandaji a jihar Tillaberi, megawat 130. Ranar da aka fara tare ruwa a can, lokacin isowarsa Kainji zai iya sauyawa. A Oktoban nan da kuke magana ma, mu da ke kan layin Katsina duhunku ya shafe mu.

Zainab A.:
Na gode Yaya Laminu. Ban saka Nijar a lissafin ba ko kaɗan, na ɗauke ta kamar lodi ne kawai a Birnin Kebbi.

Dakta Habu:
Maganar Laminu ta kai mu inda na fi so ki dage, wato abubuwan da ke faɗuwa tare. Lissafi mai sauƙi yana ɗauka kowace tasha ita kaɗai take lalacewa. Ranar 2 ga Janairun 2018 gobara ta kama bututun gas na Escravos zuwa Legas a jihar Edo. Egbin da Olorunsogo da Omotosho duk daga bututun nan suke sha, suka tsaya lokaci guda, layin ƙasa ya durƙushe. A takarda tashoshi ne daban-daban, a zahiri bakinsu ɗaya. Ƙasar da kusan kashi huɗu cikin biyar na wutarta daga gas ne, taswirar bututu ita ma taswirar wuta ce.

Jihar Texas ta Amurka ta ga irin wannan a Fabrairun 2021. Sanyi ya daskarar da rijiyoyin gas, tashoshi suka rasa mai, aka fara yanke wuta, yankewar ta faɗa har kan wasu wuraren da ke tura gas ɗin, gas ya ƙara raguwa. Sai da aka sauke megawat 20,000, kuma saura ƙasa da minti biyar layin jihar ya faɗi gaba ɗaya. Hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka mutu. Masu tsara gas suna da lissafinsu, masu tsara wuta suna da nasu.

Namu sanyin shi ne bazara. Maris zuwa Mayu buƙata tana sama saboda zafi, ruwan madatsu yana ja baya, injin gas kuma idan iska ta yi zafi ƙarfinsa raguwa yake. Uku a lokaci guda. Manhajar da ta raba shekara gida goma sha biyu za ta narkar da daren Afrilu a cikin matsakaici.

Sadiq Sola:
Shi ya sa nake cewa a daina jiran waya daga kudu. Rana muke da ita. Gonar sola mai megawat 10 ta Challawa somin-taɓi ce. A zuba ɗaruruwa a kewayen Kano da Katsina da Dutse, da batir, ko an sare layin Shiroro asibitoci da famfunan ruwa ba za su tsaya ba.

Baba Injiniya:
Ɗana, ba na gaba da sola, a gidana ma ita ce. Amma tambaye ka nake: ranar 21 ga Oktoba, da akwai megawat ɗari biyar na sola a Kano, da ta ci gaba da aiki? Yawancin inbatar manyan gonakin sola bin layi take yi. In ta duba ba ta ga bugun layi ba, kashe kanta take. Sai an sayi irin wadda ke iya kafa bugun da kanta, da batirin da zai riƙe, an kuma tsara yadda Kano za ta yanke ta tsaya da ƙafarta. Wannan duk kuɗi ne da tsari, ba ya zuwa da faranti.

Sannan lodinmu mafi nauyi bayan magariba yake, lokacin rana ta faɗi. Ga hazon hunturu da ke rufe faranti da ƙura. Ka tuna Sifen da Fotugal ranar 28 ga Afrilun 2025, da tsakar rana, wuta ta wadata har ana sayar wa maƙwabta, amma ƙarfin boltej ya hau aka rasa isassun masu danne shi, ƙasa biyu suka yi duhu cikin sakan kaɗan. Mu a Kano matsalar boltej tsohuwa ce, don muna ƙarshen dogon layi. Ni a ganina a fara rufe zobe: a samu hanya ta uku, a ninka Mando zuwa Kumbotso, in bututun gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, ya iso a kafa injin gas a nan kusa.

Sadiq Sola:
Baba, AKK tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Kilomita 614 ne, kuma ta dazukan da suka hana gyaran layin Shiroro zai bi. In an iya kayar da turken wuta, bututu ma ana iya fasa shi. Faranti da batir a cikin gari suke, ana ganinsu. Maiduguri ba ta samu sauƙi ba bayan an kayar da layin Damaturu a 2021 sai da aka kafa mata tasharta ta megawat 50 a cikin gari.

Baba Injiniya:
Ita ma tashar Maidugurin gas take sha, kuma a mota ake kai mata. Amma na ji ka. Hujjarka ta tsaro tana da ƙarfi, ban musa ba.

Dakta Habu:
Zainab, ga babi na huɗu na kundinki an rubuta miki. Tsarin Baba da tsarin Sadiq, ki gina su duka biyu da kuɗi daidai, ki sare musu layi ɗaya a wata ɗaya, ki ga wanne ya bar Kumbotso da wuta, na sa'a nawa. Ni ban san wanda zai ci ba, kuma ina zargin amsar za ta bambanta tsakanin Kano da Gombe.

Akwai dalilin da ya sa aikin yake da gaggawa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwarsu da hukumarsu. Kowace jiha za ta zauna ta yi nata tsarin dogon zango, kuma ina tsoron Kano da Jigawa da Katsina kowacce za ta rubuta cewa gibinta daga layin ƙasa za a cike shi. Layin kuwa ɗaya ne, shi ne dai na Mando.

Maman Walid:
In an gama a fassara mana da Hausa don Allah, ko shafi biyu ne. Ƙungiyarmu ta masu ɗakin sanyi muna shawarar haɗa kuɗi mu sayi sola, amma rabinmu suna cewa a jira wuta za ta gyaru.

Zainab A.:
In sha Allah Mama, alkawari ne. Na rage buri: shekarar 2030 kawai, tashoshin kilobolt 330 na Arewa da Nijar a ciki, tsari biyu. Abin da ya rage mini shi ne ruwa. Na saka Kainji megawat 760, Jebba 578, Shiroro 600, Zungeru 700, kowacce da kaso ɗaya duk shekara. Baba, hakan ya yi?

Baba Injiniya:
Bai yi ba 'yata. Ba madatsu huɗu ba ne, kogi biyu ne. Jebba abin da Kainji ta sako take sha, Zungeru kuma tana ƙasan Shiroro a kan kogin Kaduna. In kin rufe ta sama kin taɓa ta ƙasa. Kuma kogunan ba lokaci ɗaya suke cika ba. Kogin Kaduna daminarmu kaɗai ya sani, daga ta wuce sai abin da aka tara. Kwara kuwa cika biyu take yi a Kainji: farin ruwa na daminar nan kusa wajen Agusta zuwa Oktoba, sai baƙin ruwa da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso mana da sanyi wajen Disamba zuwa Fabrairu. Ki ba kowane kogi nasa jadawalin wata-wata. Layukan da PyPSA za ta ɗebo miki kuma kada ki yarda da su ido rufe, wani wurin za ta nuna biyu alhali ɗaya ne ke aiki. Ki buga taswirar a babbar takarda ki turo mini hotonta, zan bi ta da jan biro.